Abin da Injiniya Bai Rubuta Ba

Jama'a, na ga saƙonninku. Wasu sun ce na ɓace, wata baiwar Allah ma ta ce ko dai an ɗaura ne na ƙi gayyatarku. Ba a ɗaura komai ba. Kunya ce ta riƙe min hannu, don a labarin yau ba ni ce mai gaskiya ba. Ku karanta ku yi min faɗa in kun so, na riga ku yi wa kaina.

Ga wadda yau ta fara karanta ni: ni uwa ce ga yarinya ɗaya, 'yar shekara huɗu, muna ce mata Aku saboda bakinta ba ya hutawa. Mahaifinta ya rasu tana rarrafe, na dawo gidanmu, ni da ita a ɗakin da ke manne da na Umma. Aikina kuwa har yau Gwaggo ba ta gane shi ba. In ƙawayenta sun tambaya sai ta ce, "Makin jarrabawa take ba kwamfuta."

Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Kun san manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira da ake aika su yi wa mutum aiki, mu a ofis wakili muke ce musu. In ka ce wa wakili ya soke maka oda ko ya canja maka ranar ganin likita, ba da hannu yake yi ba, wani ɗan kayan aiki yake ɗauka wanda wani injiniya ya ƙera. To wakili bai taɓa ganin injiniyan ba. Iyakar saninsa da kayan aikin shi ne ɗan bayanin da aka rubuta a kansa: me yake yi, me ake zuba masa, me zai faru in an yi kuskure. Wannan bayanin nake dubawa. In karanta, in saki wakili a kansa a wurin gwaji inda kwastomomin duk na ƙarya ne, in zuba ido in ga inda zai yi tuntuɓe. Bayani mai kyau ya samu kore, mai dama-dama ruwan ɗorawa, mai rami kuma ja.

Ranar da na fara, Madam shugabar sashenmu ta kafa min doka tana buga yatsa a teburina.

"Ba a kiran mai rubutu. Ko a bayanki yake zaune, kar ki waiwaya. Wakili ba shi da bakin tambayarsa, ke ma ki ɗauka ba ki da shi. Abin da ba a rubuta ba, babu shi."

Da wannan dokar na haɗu da Injiniya. Ya ƙera kayan aikin soke oda, ya rubuta bayani layi biyu kacal, bai faɗi cewa in an bar gurbin lambar oda babu komai, duk odar kwastoman ce za ta tafi ba. Na saki wakili, ya bar gurbin, ya share wa kwastomata ta ƙarya kayanta kaf. Na ba shi ja. Sai ga mutum ya sauko daga benensu, dogo, tabarau a karan hanci, rigarsa rabi a cikin wando rabi a waje.

"Malama, ai wannan kowa ya sani."

"Wakili ba kowa ba ne," na ce.

Ya tsaya ya dube ni, sai ya yi dariya. Daga ja ɗin nan ne muka kai ga gaisuwa, daga gaisuwa zuwa falon Umma, har manyansa suka zo suka ga Yaya, wanda shi ne a madadin mahaifinmu. Tun da abin ya fito fili na roƙi Madam ta daina turo min aikinsa, aikin ya koma hannun maƙwabciyar teburina, wadda muke kira Sarauniyar Ja don ba ta san tausayi ba.

To ga yadda na ɓata.

Ranar Asabar da rana Gwaggo ta zo. Muna falo, fanka na ta kaɗa labule, ina ninke kayan wanki a kan kafet, Umma na kan doguwar kujera tana gyara zip ɗin jakar makarantar Aku. Gwaggo ta cire mayafi ta ɗora a cinya, ta sha ruwa, ta dubi tarin ƙananan rigunan da na ware gefe.

"Waɗannan ai ba sai kin wahalar da kanki ba. A nan za su zauna."

"Wane su, Gwaggo?"

"Kayan yarinya mana. Ko da ita za ki shiga gidan mutum?"

Rigar da ke hannuna ta tsaya a iska. Na ce, "Ina zan bar ta?"

"Ji min yarinya! Ga kakarta nan da ranta da lafiyarta. Ke, namiji yana yi wa ɗan wani wasa ne a waje, ya saya masa alawa, ya ɗaga shi sama. Amma kukan asuba da fitsarin kwance? Saurayi ne fa, bai taɓa aure ba. Allah ya rufa miki asiri ya kawo miki shi har gida, kar ki kore shi da kaya."

"Aku ba kaya ba ce."

"Na sani, uwar 'ya. To shi ya ce miki ki taho da ita?"

Na sunkuyar da kai. Na ci gaba da ninke rigar.

"Kin gani ko?" Gwaggo ta juya ga Umma. "Bai ce ba. Mai kunya ne, ba zai ce miki a'a ba, ba zai kuma ce e ba. Ke ce za ki gane."

Umma ta ce, "A bar maganar nan haka. Ko nan ko can, yarinya tamu ce." Ta ci gaba da fama da zip.

Ku da kuke uwaye kun san abin da na ji. Ni da ko makaranta na kai ta sai na tsaya a bakin ƙofa na ga ta shige aji. Ni da na san tarinta na sanyi da na ƙura tun daga sautinsa.

Ranar Litinin na shiga ofis da doguwar rigata mai ruwan toka, ko hoda ban shafa ba. Na yi aikin safe kamar kullum. Wani bayani ne na kayan aikin tura saƙo, mai shi ya rubuta shafi guda yana yabon saurinsa, amma bai faɗi ko ana samun amsa cewa saƙon ya tafi ba. Wakili ya tura wa kwastoma ɗaya saƙo iri ɗaya har sau uku, don da bai ga amsa ba ya ɗauka bai tafi ba. Na ba shi ja ko tausayi ban ji ba.

Sarauniyar Ja ta turo kujerarta kusa da ni tana tauna biskit.

"Ke, mutumin naki ya sake haƙa min rami. Wallahi kayan aikinsa sun fi na kowa kyau a kamfanin nan, amma in ya zo bayani kamar ana cajinsa kuɗin kalma. Abin da ya fi muhimmanci shi yake tsallakewa."

"Haka yake," na ce, ban ɗago ba.

"Lafiya kuwa? Fuskarki kamar an ba ki ja."

"Kaina ke ciwo."

Da kunnena na ji abin da ta ce. Abin da ya fi muhimmanci shi yake tsallakewa. Da ina da hankali a ranar, da a nan na tsaya. Amma da aka tashi cin abinci sai na zauna ni kaɗai, na buɗe hirarmu a waya, na rubuta sunan Aku a wurin nema. Na ce bari in duba shi yadda na iya dubawa.

Saƙonni suka jeru.

"Ya tarin Aku? Kin ba ta ruwan ɗumi?"

"Ki ce wa Aku Kawu Tabarau yana gaishe ta."

"Na ga takalmi mai fitila a kanti, nawa ne lambar ƙafarta?"

Duk na karanta, zuciyata na cewa, wannan alawa ce, wannan ɗagawa sama ce. Na koma kan maganar gida.

"Na samu gida. Ɗaki biyu da falo, hawa na farko, ruwa ba ya yankewa. Kicin ɗin ƙarami ne amma akwai taga."

"Kafinta zai zo ya auna labule da kabad."

"Ki fara tunanin kalar kujeru, ni in aka bar ni baƙi zan saya."

Ɗaki biyu. Na tuna yadda yake yawan kukan cewa a kan gado yake aiki, bayansa ya ƙage, burinsa ya samu ɗakin da zai jera kwamfutocinsa ya rufe ƙofa. Na ce to ga ɗaki na biyu ya samu mai shi. Na bi hirar tun daga farkonta har ƙarshe, ban ga wuri ɗaya da ya ce "ku biyu" ba, ban ga "makarantar da ke kusa" ba, ban ga "gadonta" ba.

Na san abin da za ku ce: me ya hana ki kira shi? Lambarsa na gabana. Benensu hawa ɗaya ne a kan namu. Amma na zauna na yi wa kaina bayani mai kama da hankali. Na ce duk injiniyan da aka tare da tambaya, "ai haka nake nufi" yake cewa. In na tambaye shi, kunya za ta sa ya ce in taho da ita, kuma e ɗin da aka tatso da tambaya ba ita ce za ta riƙe yarinya shekara goma ba. Ba zan kai 'yata gidan da za a riƙa jure ta ba. Abin da ya faɗa da kansa, ba a tambaye shi ba, shi ne gaskiyarsa.

A ranar ya turo min, "Kin yi shiru yau. Aiki ne?"

Na rubuta, "E."

Washegari ya turo hoton kujeru kala biyu. Ban buɗe ba. Ya kira, na bar ta ta yi ta ruri a jaka. Da na hango shi a bakin lif na bi ta matakala.

Ranar Alhamis na dawo da wuri, na tarar da Yaya a tsakar gida yana wanke motarsa, wando a naɗe.

"Yaya, aike nake so ka yi min."

"Ni ɗan aikenki ne yanzu?"

"Ka je ka ce wa Injiniya na fasa."

Ya kashe famfo. Ya daɗe yana kallona, kumfa na ɗiga daga hannunsa.

"Me ya yi miki?"

"Bai yi komai ba."

"To me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Shi ne matsalar." Na ba shi labarin Gwaggo da na saƙonnin.

"Kin tambaye shi?"

"Ba sai na tambaya ba."

"Ƙanwata, aikin nan naki ya fara taɓa miki kai. Mutum ne fa, ba kwamfuta ba."

"Yaya, ranar da aka kawo gawar babanta kai ka ce min duk abin da na yanke a kan yarinyar nan kana bayana. Ko ka manta?"

Ban kyauta ba da na jawo wannan. Na ga yadda fuskarsa ta sauya. Ya shiga ciki ya sa riga, ya kira Injiniya ya ji inda yake, ya ja motar da sauran kumfa a bayanta. Ni kuma na kashe wayata, na shiga ɗaki na hau goge kayan makarantar Aku, ina goge kwala ɗaya ina maimaitawa har ta fara ƙauri.

Rana ba ta faɗi ba na ji tsayuwar motarsa. Bai yi sallama ba. Ya ɗaga labulena.

"Sa mayafinki."

"Ka faɗa masa?"

"Na faɗa masa tun a bakin ƙofa, kamar wawa, kafin in shiga ciki. Sa mayafinki, na ce."

Ya ja mota. Muka shiga wani layi mai shiru, bishiyoyi a gefe, ya tsaya a gaban wani bene fari. Muka hau. Ƙofar gidan da Injiniya ya samu a buɗe take, warin fenti ya tare mu tun daga matakala. Falon babu komai sai tsani da tsofaffin jaridu a shimfiɗe. Yaya ya nuna min ƙofar hagu da haɓa, ya juya ya koma baranda.

Ɗakin shuɗi ne, shuɗi mai haske irin na sararin safiya. Bango uku sun sha fenti, na huɗu an kai rabi. Akwai ƙaramin gado a jingine, ba a haɗa shi ba tukuna, da katako a gefensa don kar mai barci ta faɗo. An cire sakatar taga daga ƙasa an mayar da ita can sama, ramukan tsofaffin kusoshin suna nan. Duk soket ɗin da ke ƙasa an toshe shi da murfin roba. A bayan ƙofa an kafa maratayi, daidai ƙuguna. Na tsaya ina kallon maratayin nan, don na san babu babban da zai rataye kaya a wurin. Na jakar makaranta ne.

Injiniya na zaune a kan bokitin fenti a kife, da tsohuwar riga mai gajeren hannu, ɗigon shuɗi har a kan tabaraunsa. Bai tashi ba.

"Sannu da zuwa," ya ce.

Da ƙyar na ce, "Kwamfutocinka fa?"

"Falo. Na auna, tebur zai shiga bayan ƙofa."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya ƙara ɓata shi.

"In faɗa miki me? Cewa yarinya 'yar shekara huɗu za ta zauna da uwarta? Wallahi ko sau ɗaya bai zo min a rai cewa wannan abin faɗa ne ba. Da na ce ɗaki biyu, na ɗauka na gama magana." Ya yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Na sani. Halina ne. Ke kika fara kama ni da shi."

"Gwaggo ce ta ce..."

"Gwaggo ba ta san ni ba. Ke kin san ni."

Na durƙusa a kan jarida, ban ma san na yi ba. Hawaye na zuba, ina share su da bakin mayafi.

"Ka yi haƙuri. Tsoro na ji. In aka zo kan Aku ba na gani sosai."

"Tsoron bai dame ni ba. Da ba ki jin tsoro a kanta ma da ban so ki haka ba." Ya sunkuyar da kai yana juya murfin gwangwanin fenti a hannu. "Yaya ya ce zama kika yi kika bi saƙonnina ɗaya bayan ɗaya. Kika karanta ni kamar wani baƙon da ba ki taɓa jin muryarsa ba, kika yanke hukunci, kika aiko. Ina sama da ke hawa ɗaya. Ko zagina kika zo kika yi, da na ji daɗi."

"Na ce in na tambaya kunya za ta sa ka amsa."

"Wato ko na ce e, ba za ki yarda ba."

Gaskiya ya faɗa.

"Abin da nake ta tunani ke nan tun da Yaya ya yi magana," ya ce a hankali. "Ni ba zan canja gaba ɗaya ba. Zan yi ƙoƙari, amma wata rana zan sake yin shiru a kan abin da na ɗauka a fili yake. Ranar nan fa? Zan dawo daga aiki in tarar kin kwashe kaya, ke da yarinyar da na riga na saba da ita?"

Na miƙe. Ban san me zan yi da hannuwana ba, sai na ɗauki burushin da ke kan gwangwani na nufi bangon da bai ƙarasa ba. Wauta ce, na sani, amma ita ce ta zo min. Kafin in kai ya miƙo hannu ya riƙe ƙotar.

"Ajiye. Ba yau ba."

"Bari in ƙarasa maka."

"Ban san ko za a ƙarasa ba tukuna." Ya zare shi daga hannuna a hankali, gashin burushin ya goga a hannun rigata. Ya ɗora murfi a kan gwangwani ya danna da tafin hannu. "Yaya, a kai ta gida. Yarinya na jira."

Da muka iso ana kiran magariba. Umma na kan sallaya, Aku ta rugo ta rungume ƙafafuna, sai ta ja baya ta kama hannun rigata, inda shuɗin fentin ya shafa.

"Mama, kin je ɗakina!"

Na tsuguna. "Wane ɗaki?"

"Ɗakina na gidan Kawu Tabarau mana. Ni na zaɓi kalar. Ya ce ja ko shuɗi, na ce shuɗi irin na sama. Ai na faɗa miki."

"Yaushe?"

"Ranar nan da kike ta danna waya. Na faɗa, na sake faɗa, kika ce in yi miki shiru kanki na ciwo." Ta shinshina fentin ta yatsine fuska. "Mama, yaushe za mu koma?"

Na jawo ta na rungume, na ɓoye fuskata a wuyanta don kar ta ga idona. Ta yi ta mutsu-mutsu tana cewa na matse ta.

Bayan na yi salla na kunna wayata. Kiransa na ranakun baya suna nan a jere, waɗanda na ƙi ɗauka. A ƙarƙashinsu akwai sabon saƙo guda, kuma a karo na farko tun da na san shi, bai bar min gurbin da zan cike da kaina ba.

"Gobe bayan la'asar zan zo gidanku. Wajen Umma da Yaya zan zo, ba wajenki ba. Ban yanke abin da zan ce musu ba, kar ki tsaya nemansa a cikin saƙon nan."

Rigar na nan rataye a bayan ƙofa. Umma ta ce in kawo a jiƙa kafin fentin ya kama, na ce mata a bari tukuna.